Badegi, Karsanar Da Baba Ya Bar Min

Sallama gare ku masu bibiyata, da ku da yau kuka fara cin karo da surutuna. Sunana Amatullah, haifaffiyar Minna, nan bayan tashar jirgi. Yau kam ba da dariya na zo ba. Ina rubutun nan tafin hannuna yana warin igiya da dusa, na wanke na sake wankewa ya ƙi fita. Ku yi haƙuri in kun ga ina ta komawa baya, tun jiya zuciyata take wajen Baba.

Babana Malam Sadiq, Allah Ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne kamar ubansa. Shi ne mai busa usur da ɗaga tuta a taragon ƙarshe. Ko bayan ya ajiye aiki bai daina goge usur ɗin nan ba, yana rataye a ƙusa kusa da tabarmar sallarsa. Abin da ya cike masa gurbin jirgi shi ne 'yan shanunsa a filin bayan gidanmu, wanda ya kewaye da tsofaffin katakon layin dogo.

A gidanmu in an haifi mace, uba yana ɗaura mata karsana ranar suna. Tata ce, ita da 'ya'yanta. In an sa mata rana kuma, dabbar ce take riga ta zuwa gidan miji, ta zauna a garkensu, alamar an yarda da juna ke nan. Tawa Baba ya sa mata suna Baro, wai tashar da layinmu ya faro daga bakin kogin Kwara. Baro ta haifi mace ya ce Katcha, tasha ta gaba. Ina 'yar firamare yake zaunar da ni a kan katangar katako yana ƙirga min da yatsa.

"Baro, Katcha, Badegi, Kataeregi, sai ina?"

"Sai Minna!"

"Yawwa 'yar reluwe. Ranar da aka haifi Minna a gidan nan, layi ya iso gida, sai in rataye tuta in huta."

Umma tana tsakar gida tana tankaɗe za ta ce, "Malam, kai da shanun nan sai Allah. Mutane suna sa wa dabba Fari ko Goje, kai kana raba musu tikiti." Ya yi dariya har hularsa ta zame. Wallahi har yanzu in jirgin Legas ya yi kuka da la'asar sai in ji kamar zan ji tarinsa a bayan gida.

Katcha ta yi ta haifar maza ana sayarwa, sai da ta tsufa ta ɗauki cikin ƙarshe. A farkon cikin nan ne wata tirela da ta ɗebo shanu daga can arewa mai nisa ta lalace a mararrabar layi kusa da mu, rana tana dukan dabbobi suna zubar da yawu. Baba bai yi shawara da kowa ba ya buɗe musu filinmu. Na tuna ni da shi muna ta jan ruwa a rijiya muna zubawa a komi, shanun baƙi da namu suna sha baki da baki, direban yana ta shi masa albarka. Da suka tafi namu suka yi 'yar gudawa ta kwana biyu ta wuce, ba wanda ya sake tuna zancen.

Badegi ta zo duniya Baba yana kwance. 'Yar firit da ita, fara, kunne ɗaya baƙi, gashinta a hargitse kamar ta kwana a buhu. Ni na rungumo ta na kai masa bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Saura tasha biyu." Sati bai zagayo ba muka rasa shi.

Bayan arba'in aka sayar da sauran shanun, Katcha ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Badegi kaɗai ta rage a filin nan, ni ce uwarta ni ce makiyayinta. Ba ta taɓa girma kamar sa'o'inta ba, kullum da 'yar majina, amma ɓarna kam ba a magana. Ita ce ma ta haɗa ni da Mujahid. Ya zo ɗora wa maƙwabcinmu sola a kan rufi, ya rataye rigarsa a katangarmu, ya sauko ya tarar hannun riga ɗaya ya shige cikin Badegi. Na fito da gyalena a karkace ina ba da haƙuri, shi kuwa yana tsaye da singileti yana ƙyaƙyata dariya.

"Malama, wa zai biya ni, ke ko ita?"

"Ita ta ci, ka kai ta ƙara."

Bai kai ta ƙara ba, amma washegari ya dawo da damin harawa, wai ya zo sulhu. Daga sulhu sai ga manya a zauren gidanmu.

Mahaifinsa Alhaji Sanda mutumin Kuta ne, manomin doya, kuma yana da garke na gani na faɗa. Tun ranar da na fara durƙusawa na gaishe shi bai taɓa kiran sunana ba, "'yata" yake cewa. Da aka sa rana, aka ce biki sai na gama digirina na biyu, Umma ta wanke Badegi da kanta da sabulu, ta ɗaura mata sabuwar igiya shuɗiya, aka sa ta a mota. Na yi kuka ranar kamar ni ake kaiwa. Shi kuma Alhaji, don ya nuna mana girman da ya ba abin, bai bari ta bi garke daji ba. A gidansu akwai rumfa ta musamman inda ake ajiye shanu masu ciki, ba sa wahalar kiwo, dusa da kanwa har bakin turke. Nan ya ɗaure ta, a tsakiyarsu. Ya aiko wa Umma cewa karsanar 'yarsa ba za ta taka ƙaya ba.

To ku riƙe wannan, mu je Gidan Kwano, inda jami'armu take.

Karatuna a kan wata ƙwayar cuta ce da ke sa shanu gudawa. Ba ta kama mutum. Babbar saniya in ta kamu takan warke, amma in mai ciki ce sai ta yi ɓari, ko ta haifi abin da ba zai tashi ba. Ƙwayar nan kuma ba iri ɗaya ba ce, dangi-dangi ce, kowane dangi da alamarsa kamar tsagar fuska. Aikina shi ne in bi garkuna ina ɗibar jini, daga wajen Kagara zuwa Kuta, mu tace, mu tura a karanto mana, in ga wane dangi ne yake ina. Na sha rana, na sha harbin shanu, atamfofina duk sun koɗe.

Da damina ta kankama Mujahid ya fara turo min saƙo babu daɗi.

"Ama, wata ta sake zubarwa yau da asuba."

Bayan kwanaki kuma: "Baba ko abinci bai ci ba. An haifi maraƙi amma ya kasa tsayuwa, kansa sai rawa."

Shi ya roƙe ni in sa garkensu cikin aikina. Na je na ɗebi jinin na rumfar gaba ɗaya, har da Badegi, tana ta cusa hancinta cikin jakata tana neman ƙuli-ƙuli. Alhaji yana tsaye da carbi ya ce, "'Yata, kin ga ikon Allah? Duk rumfar nan sun jigata, taki ce kaɗai ko gezau. Ƙafarki mai albarka ce." Na sunkuyar da kai ina jin daɗi, ban san komai ba.

Shekaranjiya Laraba ina zaune a lab, wato ɗakin gwajinmu, na cire takalmi na miƙe ƙafa ƙarƙashin tebur, sai ga saƙonsa da hoton Badegi.

"Albishirinki."

"Goro fari."

"Makiyayi ya tabbatar, mutuniyar tana da ciki. Kataeregi na hanya!"

Jama'a, sai da na yi ihu. Ni na taɓa ba shi labarin tashoshin Baba, ashe ya riƙe. Ina cikin share hawaye wani saƙon ya shigo.

"Baba ya ce ranar Asabar za a kwaso sauran masu cikin da ke ruga a kawo su rumfa kusa da ita, ko sa samu albarkarta."

Ban kai ga ba shi amsa ba Goodness ta taɓa kafaɗata. Goodness abokiyar karatuna ce, Gbagyi ce 'yar Bosso, mai surutu kamar rediyo, amma ranar fuskarta ba walwala.

"Ama, sa takalminki ki zo ki ga wani abu. Sakamako ya dawo."

Ta juyo min da kwamfuta. In sakamako ya dawo, kwamfutar tana jera ƙwayoyin kamar bishiya, 'yan dangi ɗaya a reshe ɗaya. Na wajen Kagara sun taru a reshensu. Na kasuwannin kusa da Minna ga nasu. Sai wani reshe can gefe shi kaɗai, wanda ba mu taɓa gani a ko'ina ba, kuma duk na kansa daga rumfar Alhaji Sanda suke.

"To ai mun samu sabon dangi," na ce. "Malaminmu zai yi murna."

"Duba na ƙasa."

A gindin reshen akwai guda ɗaya da ba lamba a jikinsa, suna ne. Badegi.

"Ai na ɗebi nata a Kuta, ga shi can sama."

"Wannan ba na Kuta ba ne. Kin tuna farkon zuwanmu, da ba mu iya neman jijiya ba, muka je gidanku muka koya a jikin saniyarki? Yana cikin firiza tun lokacin. Gurbi ɗaya ya rage min a farantin gwaji, na ce bari in cike da shi. Ya nuna, Ama. Ban gaya miki ba, na ce sai an karanto."

Na tuna ranar sarai. Umma tana riƙe da kan Badegi tana yi mana tsiya, Goodness ta soki iska har sau nawa, muka ƙare da cin ɗanwake a tabarma. Lokacin ko maganar Kuta ba a fara ba.

Ba sai an yi min bayani ba, abin da nake karantawa ke nan dare da rana. In ƙwayar ta shiga saniya a farkon ciki kuma ɗan bai zube ba, jikinsa yakan ɗauke ta a matsayin tasa. Ba ya yaƙarta, ba ya warkewa, babu allurar da za ta raba su. Haka zai rayu yana zubar da ita a yawu da majina da fitsari har ya mutu. In mace ce, duk abin da ta haifa haka zai fito. Jini biyu, tsakaninsu fiye da shekara, ƙwaya iri ɗaya sak. Sai ga tirelar nan a idona, da Baba yana jan guga yana murmushi, da Katcha tana shan ruwa a komi ɗaya da baƙi.

A gidanmu ba ta da wanda za ta shafa wa, ita kaɗai ce. Sai da aka girmama ta, aka ɗaure ta a tsakiyar masu ciki.

"Innalillahi," kawai nake ta maimaitawa. Goodness ta riƙe hannuna ta ce, "Ki yi kuka in za ki yi, ba kowa a nan." Na yi kuwa.

Na tarar da Umma a tsakar gida ta baje kayan ɗakina tana dubawa, tukwane da zannuwan gado da leshin anko ruwan zuma da ta zaɓa da kanta. Biki saura wata guda. Na zauna a bakin tabarma ban ko cire hijabi ba na faɗa mata komai. Ta saurara har na gama, murfin tukunya a hannunta.

"Wa ya sani?"

"Ni da Goodness."

"To ya tsaya nan."

"Umma!"

"Na ce ya tsaya nan, Amatullah. Ki bari a ɗaura tukuna. In kin shiga gidan kin zama tasu, sai ki san dabarar da za ki yi a raba ta da su a hankali."

"Ranar Asabar za su kawo sauran masu cikin kusa da ita."

"Shanu ne fa! Shanu! Yau a haifa gobe a yanka. Ke kin san abin da ake nufi a ce an dawo da dabbar amarya gidan ubanta? Tun da nake ban taɓa ganin an dawo da ita aure ya ɗauru ba. Kuma da wane baki za ki ce wa mutumin nan dukiyarsa daga gidanmu aka kai mata ciwo? Mutanen Kuta su ce me? Su ce Malam Sadiq ya bar wa 'yarsa annoba?"

Muryarta ta karye a kan sunan Baba. Nan na gane ba bikin kaɗai take karewa ba. Na so in yi fushi da ita, wallahi na so, amma na kasa. Matar nan ita kaɗai ta riƙe ni tun rasuwarsa, da ɗinkin keke da sayar da zoɓo.

"Umma, da Baba yana nan me zai ce?"

Ta kife murfin a kan tukunya da ƙarfi. "Kar ki sako min shi. Shi ya buɗe wa tirela ƙofa ina ce masa ya bari."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Ni kuma na zaga bayan gida na zauna a kan katangar katako. Turken Badegi yana nan, ciyawa ta fara rufe shi. Wayata ta yi ƙara.

"Shiru amarya? Ko murna ce ta hana ki magana?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Ku da kuke karantawa kar ku ɗauka ni wata jaruma ce. Ina son Mujahid, so na gaske, irin wanda ko sunansa aka kira a kasuwa sai na waiga. Shawarar Umma ta zauna min a rai daram, har na fara ce wa kaina ai wata ɗaya ne. Sai jirgin yamma ya yi kuka daga tasha, na tuna hoton maraƙin nan mai rawar kai da ya turo min. Na rubuta:

"Gobe ka zo ka kai ni Kuta. Ka nemo a-kori-kura ta biyo mu."

"A-kori-kura kuma? Lafiya?"

"Zan gaya maka a hanya."

Jiya Alhamis na sa atamfata shuɗiya mai ganye, wadda na sa ranar da aka kai Badegi, na ɗora farin mayafi. Umma tana jin fitata ba ta ɗaga labule ba, na yi mata sallama ta amsa can ƙasa. Mun wuce Maitumbi na fara magana, kafin mu kai Gwada na gama. Mujahid ya gangara gefen titi kusa da masu tulin doya ya kashe mota. Ya juyo ya kalle ni.

"Babu kuskure a ciki?"

"Da akwai da na fi kowa murna."

"Ba magani?"

"Babu. Ko a yanka ta, ko a kai ta inda ba za ta sake haɗa numfashi da wata saniya ba."

"To mu ce wa Baba aikin makaranta ne, za ki ɗauke ta ki yi gwaji ki dawo da ita."

"In ya ce yaushe? Kuma 'yan maruƙan da suka tsira a rumfar nan, wasu cikinsu irinta za su zama. Sai an gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ta yaya zan gwada ban faɗi dalili ba?"

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Ama, kin san Baba. Mutum ne mai kirki, amma in abu ya taɓa al'ada ba ya lanƙwasuwa."

"Na sani."

Ya tada mota muka ƙarasa Kuta.

Mun samu Alhaji a bakin rumfar, yana zaune a kujerar roba da farar jallabiya, ana gyara sabbin turaku na waɗanda za a kawo. Badegi tana hango ni ta fara jan igiya tana kuka. Ta yi ɗan kumari, an shafa mata man shanu a ƙaho yana ta ƙyalli.

"Maraba da 'yata! Kin zo ganin jika?"

Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi. Ban tashi ba. A durƙushen na faɗa masa, tun daga tirela har reshen da ke cikin kwamfuta, da Hausar da na san zai gane. Na ce ba laifinsa ba ne, ba na Babana ba ne, ba wanda ya isa ya gani da ido. Na ce lafiyar da yake gani a jikinta ita ce alamar. Carbinsa ya tsaya. Masu kafa turke ma suka tsaya.

"Kina nufin duk abin da na binne a bayan rumfar nan, daga bakinta ya fito?"

"Eh, Baba."

"Ni na ɗaure ta a nan da hannuna."

"Don ka girmama mu ne."

Ya juya ya kalli shanunsa, waɗanda cikinsu ya zube suka rame. Ni dai ina kallon ƙasa, hawaye yana ɗiga a kan atamfata.

"Da kin yi shiru, wa zai sani?"

"Ba kowa."

"Mahaifiyarki ta san kin zo?"

"Ta sani. Ba da son ranta ba."

"Kuma kin san abin da ake nufi in dabbar amarya ta koma gidansu."

"Na sani, Baba."

Ya miƙe a hankali kamar wanda ya shekara yana ciwo. Ya je turken ya kwance igiyar shuɗiyar nan da Umma ta ɗaura, ya shafa bayan Badegi sau ɗaya.

"Mai ciki ce, ba zan sa mata wuƙa ba," ya ce. Ya miƙo min igiyar. Sannan ya ce wa masu aiki, "A aika ruga, kar a kawo ko ɗaya." Ya shige cikin gida, bai ce min sauka lafiya ba.

Da ƙyar aka tura ta cikin a-kori-kura, tana ta waigen komin dusarta. Na zagaya zan shiga gaba sai na ga Mujahid ya miƙa wa wani mukullin motarsa, ya tattare rigarsa ya haye baya.

"Me kake yi? Ka koma wajen Baba, yanzu yake buƙatarka."

"Wa zai riƙe ta a ramukan hanyar nan? Shiga mu tafi."

Duk tsawon hanya ina kallonsu ta gilashin baya, shi a tsugune ya rungume wuyanta, farar shaddarsa ta gama lalacewa. Ban san ko rakiyar farko yake min ko ta ƙarshe ba.

Mun tsallaka layin dogo ana kiran la'asar. Umma tana tsaye a ƙofar gida da tsintsiya, maƙwabta sun leƙo ta katanga, kowa ya san abin da yake gani. Na sauko ina jiran faɗa. Ta kalle ni, ta kalli Mujahid da kashin shanu har gwiwa, ta kalli Badegi. Ta juya ciki. Can sai ga ta da tsohuwar robar Baba cike da dusa, ta wuce mu zuwa bayan gida, ta sa hannu ta tuge ciyawar da ta rufe turken. Ita ta karɓi igiyar ta ɗaure.

"Malam," ta ce, ba da mu take ba, "ga ta nan ta iso Minna. Ba yadda ka ƙirga ba, amma ta iso."

Nan na zauna a kan katako na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza. Abin da ke cikinta za a haife shi a filin nan, ya rayu a filin nan, ba zai taɓa shiga garke ba, kuma daga shi layin Baba ya tsaya. Na san haka tun a lab, amma sai da na gan ta a turken na ji shi a ƙirjina.

Wayar Mujahid ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya duba, ya kalle ni.

"Baba ne."

Ya matsa gefe. Ba na jin komai sai "To, Baba. To. In sha Allah." Umma ta daina zuba dusa. Ya dawo yana juya wayar a hannu.

"Ya ce gobe da sassafe ki zo da kayan aikinki, a fara gwada 'yan maruƙan."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Bai ce komai a kan ranar ba?"

Ya girgiza kai.

"Mujahid, faɗa min yadda ya faɗa. Kalmarsa nake so."

Ya sunkuyar da kai, Badegi ta miƙo wuya ta kama gefen rigarsa tana tauna, bai ko janye ba.

"Cewa ya yi, ka gaya wa Dakta."

Ni ce Daktan. Tun da na san mutumin nan bai taɓa kirana da komai ba sai 'yata. Yau Juma'a, na idar da sallar asuba, na shirya sirinji da kwalabe a jaka, na sa ƙanƙara a kula. Umma ta ninke leshin ankon ta mayar akwati, amma na lura ba ta sa kwaɗo ba. Mota tana jirana a waje. Zan je in durƙusa in ce masa ina kwana Baba, ko da me zai amsa min.